Matsefatar Kulu da Cikin da Bai Farka Ba

Shekara arba'in da bakwai ke nan, daminar bana, da muka kai Kulu makwancinta a Unguwar Lalle. Ni ne mijinta, kuma da hannuna nake wannan rubutu, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri. Wata huɗu na yi a ajin yaƙi da jahilci zamanin En'e, aka tashi yaƙin, jahilci ya kama ni ganima.

Na aure ta Nasara na mulki, ina fatauci da jakai uku tsakanin Sabon Birni da ƙasar Faransi, wato Nijar ta yanzu. Sana'a ce mai koya wa mutum zargi. Ba ka yarda da ɗan doka, ba ka yarda da mai awo, jakinka ma in ya yi kuka kusa da iyaka sai ka ce saye shi aka yi. Da wannan halin na shigo gida, ban tuɓe shi a zaure ba.

Kulu tana da ɗan maƙoƙo kamar ƙwan zabo, tana rufe shi da murjani. Wannan ba abin magana ba ne a lokacin, mata da yawa suna da shi, ana cewa ruwan rijiya ne. Abin magana al'adarta ce: ta zo wata guda, ta yi wata biyar ba labari. A shekara ta biyu sai ta ɗauke ɗungurungum. Jiki ya yi nauyi, ga kasala, ga jin sanyi ana tsakiyar bazara. Gwaggo Ige ungozoma ta shafa mararta ta ce, "Ciki ne, amma ya kwanta. Shina kwana, ranar da Allah ya so shi tashi."

Yaran yanzu za su yi dariya. Mu ba mu yi ba, don kwantaccen ciki har gaban alƙali ana kai maganarsa. Nan take na raɗa wa yaron suna Tunau, na sayi ragon suna na ɗaure. Shekara uku rago na cin harawata, ƙahonsa ya nannaɗe sau biyu. Ranar kasuwa abokai su ce, "Baban Tunau, yaro ya motsa?" In ce, "Ku bar shi, ubanai ya gado, ba ya son sammako." Ina dariya, amma ta baki ce kawai.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji zuciyata. In ciki ya kwanta, wani ya kwantar da shi. Na zargi maƙwabciyarmu don ta taɓa aron turmi. Na zargi surukata. Da mutane suka matsa, na ɗora Kulu a jaki muka tafi garin Isa wajen disfensa, malamin asibiti. Mutumin ya danna mararta ya ce babu ciki, sannan ya tsaya yana duban wuyanta, ya ce in kai ta asibitin Sakkwato. Na ce masa, "Malam, na zo da maganar mara kana duban wuya? Ina ruwan wuya da mara?" Na kwashe matata na yi gaba, ina cewa yanka ta suke so su yi.

Da na gama zargin kowa, sai ya rage mutum ɗaya. Na lura kowace Jumma'a da hantsi Kulu kan zagaya bayan rumbu da wani ƙunshin tsumma. Wata Jumma'a na laɓe. Uwata da ƙannena mata suna daka a tsakar gida, da maƙwabta biyu. Na fizge ƙunshin, na fito ina ihu, "Ga abin da ta ɗaure mani ɗa da shi!" Na kwance a gaban kowa. Gutsuren madubi ne, da matsefata irin wadda muke cire ƙaya da ita.

Kulu ta sunkuyar da kai ta ce, "Maigida, gemu nika cirewa. Don kar ka gani."

Taɓarya ta tsaya. Can wata ta ƙyalƙyale da dariya, kuma kafin la'asar gari ya ɗauka. Daga ranar sunanta ya koma Kulu mai gemu, wasu suka ƙara da cewa mace mai gemu da maƙoƙo ba ta rasa maita, ita ta lashe ɗanta. Ba ta sake taɓa matsefatar ba. Ta ce, "Tunda ka hwasa, kowa shi kalla." Haka muka zauna, ba ta taɓa goranta mani ba, har zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Ragon kuwa layya ta ci shi, namansa kamar igiya.

Abin da ya tono wannan magana shi ne Kulu ƙarama, jikar ƙanen marigayiyar, wadda ta ci sunanta, ni ko ina kiranta uwargida. Shekara huɗu da aure ba haihuwa, al'ada na wasan ɓuya, ga gashi a haɓa. Mijinta ya ce Sakkwato za su. Na ce za ni bi ku, don ban yarda da kowa ba. Likitar da muka samu a asibiti mace ce. Ta ɗebi jini, ta ɗauki hoton mara, sannan ta sa yatsu a wuyan yarinya. Wallahi ban san lokacin da tambayar nan tawa ta Isa ta kuɓuce mani ba.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce akwai wata 'yar tsoka a wuya mai daidaita tafiyar jiki, ita ce kan kumbura ta zama maƙoƙo. Akwai kuma lalurar da ke hana ƙwan mace nuna a kan lokaci, mai kawo gashin fuska da rikicin al'ada. Ta ce sau da yawa akan tarar da su biyun a mace ɗaya, alamunsu na kama da juna, shi ya sa ba a duba ɗaya a bar ɗaya, kuma kowanne da maganinsa. Na ce to, tawa Kulun fa, shi ne ya same ta? Ta ce, "Baba, ba na auna wanda ban gani ba." Nan ta kama ni. Gwaggo Ige ta auna Tunau ba ta gan shi ba, ni ma na auna zuciyar matata ban gan ta ba.

Duk da haka sai da na shinshina ƙwayoyin maganin da aka ba yarinyar a mota. Uwargida ta ce, "Ango, kai da ka shekara uku kana renon iska, kai za ka duba aikin likita?" Na miƙa mata ƙwayoyinta, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yanzu al'adarta ta fara daidaita. Haihuwa kuwa ta Allah ce, ban sayi rago ba.

Nakan tambayi kaina me Kulu za ta ce da ta ga wannan zamani, da yarinya ke faɗin ciwonta a fili mijinta na riƙe mata jaka. Ina jin da farko za ta ja mayafi ta ce ba kunya. Daga baya za ta dube ni, irin duban nan nata. Wanda bai san magani ba ba a kama shi da laifi, rashin sani ya fi dare duhu. Amma disfensan Isa ya nuna mani hanya, ni na juya jaki.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba. Ta bar takwara, ta bar matsefata a adakata, ta bar sunan banza da ni na jawo mata, wanda har yau tsofaffi ke tuna ta da shi. To mutanen Unguwar Lalle, duk wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba: Kulu ba mayya ba ce, ba ta ɗaure kowa ba, ba ta lashe kowa ba. Tunau bai kwanta ba, ba a taɓa yin sa ba. Wanda ya yi kwana a gidan nan ni ne, kuma sai da na shekara arba'in da bakwai na tashi. Allah ya jiƙan ki, Kulu, ya sa in mun haɗu ki yarda ki saurare ni, ko da yake ni ban saurare ki ba.