Saura Fitila Ɗaya

A ɗan shagon intanet na garin Longreach nake kallonta, wata mata mai furfura, takalmanta duk jar ƙasa, zaune gaban na'urar da ke amsa kiran kwamfutocin makiyaya ta layin tarho. Sabuwar manhaja za ta ɗora, kuma dole sai ta katse duk wanda ke kan layi. Fitilun masu kira duk sun mutu, saura ɗaya.

"Noelene, katse shi mana," in ji mai shagon.

"Haba Des, tsoho Hanlon ne, hoton jikarsa yake saukewa. Da wannan layin nasa, yanzu ko goshinta bai gani ba."

Ina jin ita ma a irin ƙauyen makiyayan nan na can ƙarshen waya ta girma. Ta janye hannunta, tana kurɓar shayi, tana jira hoton ya sauko har haɓa.