Simintin Yaya a Jikin Inna

Yayana magini ne, kuma abokan aikinsa Ƙara-Buhu suke kiransa. Idan aka ce masa buhu biyu na siminti sun isa, sai ya sa a farke na uku. Bai taɓa yarda akwai abin da yawansa ke cutarwa ba. Inda ƙusa ɗaya za ta riƙe sai ya buga uku, shayinsa kuwa don yawan sukari sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Tun muna yara shi ne masani, mu 'yan kallo. Ba zan ɓoye ba, jininmu bai taɓa haɗuwa ba, yanzu kuwa ko gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa.

Innarmu ce ta zame a banɗaki ta karye a hannu. Likita ya ce ƙasusuwanta sun yi rauni, ya rubuta mata bitamin D mai ƙarfi, ƙwaya ɗaya a mako, da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. A gidan Yaya take zaune, don haka magani ya faɗa hannunsa. Matarsa ta ba ni labari daga baya, wai juya kwalbar ya yi ya taɓe baki.

"Ɗaya a mako? Wannan likitan bai taɓa gini ba. Ƙashi ai bango ne, bangon da ya tsage kuwa ba a yi masa rowar siminti."

Ya mayar da ta mako ta kullum, ya ninka kalsiyam. Da suka ƙare ya je kantin magani ya kwaso manyan kwalabe, bai shawarci kowa ba. Kowace safiya kafin ya fita aiki zai tsaya a kan Inna da kofin ruwa, ba ya motsawa sai ta haɗiye.

Bayan 'yan watanni na zo dubiya na tarar da wata tsohuwa daban. Ta rame, tana ta shan ruwa ƙishirwa ba ta yankewa, ba ta gama zama ba ta miƙe fitsari. Bayan gida ya ƙi, abinci ya fita ranta. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye.

"Tsufa ne," in ji Yaya, yana kankare busasshen siminti daga takalminsa. "Ke dai ba kya raina abin tayar da hankali."

Na tari mota, ni da matarsa muka kai Inna asibiti. Aka ɗebi jini, likita ta fito fuska ba walwala ta tambayi abin da ake ba ta. Matar Yaya ta zazzage jakar kwalaben a kan tebur.

Likitar ta ce bitamin D shi ke sa hanji ya ja kalsiyam zuwa jini. Idan ya yi yawa sai jinin ya cika ya tumbatsa, ƙoda ta sha wahala, ƙwaƙwalwa ta ruɗe. Aka kwantar da Inna ana ta ƙarin ruwa.

Da Yaya ya iso na tare shi a baranda.

"Ga bangonka can, Yaya. Shiga ka gani ko ya yi ƙwari."

"Ƙashin dai ya haɗe ko bai haɗe ba?" Abin da ya iya cewa ke nan. Wallahi da ba gaba yake da ni ba, da na wanke shi da mari.

Hankalin Inna ya dawo, amma ƙodarta ba ta dawo yadda take ba, kuma likita ta ce kada mu sa rai. Na ɗauko ta zuwa gidana. Yaya bai taɓa cewa a yi haƙuri ba. Sai wata rana ya zo ba sallama ya zuba mata matattakala a ƙofar banɗakina, mai kaurin da tirela za ta hau.

Ina shafa wa Inna mai a ƙafa na tambaye ta ko ba ta ji ƙwayoyin suna cutar da ita ba.

"Na ji mana," ta ce. "Tun farko suke tayar mini da zuciya."

"To me ya sa kika yi ta sha, Inna?"

Ta dubi matattakalar.

"Yaro ya tsaya a kaina da kofi a hannu, yana murna yana gyara uwarsa. In ce masa me?"