Wurin da Ake Kiran Mai Jita

Mawaƙinmu ya ci amanata. Ya ɗauki waƙar da muka haɗa tare ya kai situdiyo a Kano, ya cire wurin da ake kirana, ya cusa kirarin wani kansila. Na faɗa tun da farko don kada a ce ina kewaye-kewaye.

Mu huɗu ne: ni da jita, wadda na saya ta hannu a Kano, sai mai ganga, mai fiyano, da shi mawaƙin, wanda muka taso unguwa ɗaya a Gaya. Ba ubangida, ba kamfani, janareta ma na aro. In an kira mu biki a Ajingi, a bayan a-kori-kura muke tafiya kan buhunan gyaɗa, mai fiyano ya rungume kayansa kamar jinjiri. Tsofaffi suna ce wa jitata garayar Turawa. Wata rana tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar wasa, na kwance wayar birkin keken ango na ɗaura. Wallahi ta fi ta kanti zaƙi. Ango kuwa da ƙafa ya riƙa tsayar da kekensa har aka watse.

Al'adarmu, kafin waƙa ta ƙare mawaƙi zai kira kowa, wanda aka kira ya amsa da abin kiɗansa. Ni yakan ce, "Ina ɗan Kademi, mai wayar birki?" don mahaifiyata 'yar can ce. Sai in sunkuyar da kai in saki hannu, mata su ɗauki guɗa. Ban yi nisa a boko ba, gonata ba ta kai a faɗa ba, amma wannan ɗan wurin nawa ne.

'Yata ce ta kawo mini waƙar a waya bayan ta fito. Muka saurara har ƙarshe. Ta ce, "Baba, ina wurin naka?" Na ce mata ta je ta duba tukunya.

Daga nan ƙungiya ta watse. Mai ganga ya koma noman rani, mai fiyano ya kama gyaran waya, ni na rataye jita na shiga sayar da gyaɗa.

Bana, ranar kasuwar Ajingi, sai ga mawaƙin a gaban buhuna, ya yi tumbi.

Ya ce, "Mutumina, ka tsufa."

Na ce, "Kai ma ba yaro ka koma ba. Mudu nawa?"

Ya yi dariya ya tsuguna. Ashe biki aka ba shi a Kademi, dangin amarya suka ce tsohuwar waƙar suke so, da wurin mai wayar birki, in babu ya yi zamansa. Kansilan kuma tuni ya faɗi zaɓe.

Na bar shi ya gama, har ya ɗebi gyaɗata yana ci.

Na ce, "Zan zo, amma ba don kai ba. A gaban mutanen Kademi za ka kira ni yadda kake kirana a da, 'yata tana zaune tana ji. In an gama ka koma Kano ka mayar da ni inda ka cire ni. Jitar kuma kai za ka ɗauka har bakin mota."