Layin da ke Jikin Katanga

Shekara ashirin da shida ke nan yana aiki a gandun renon itatuwa, kuma kowa Baba Mai Buta yake ce masa, har matarsa in tana son tsokana. Aikinsa cika leda da ƙasa, da shuka, da ban ruwa. A cikin dashen duka ya fi ji da fayin, itacen nan mai ganye kamar allura.

Bayan katangar gandun akwai wurin gasa bulo. In iska ta juyo, hayaƙin kan kwanta a kan layin fayin da ke jikin katangar. Baba ya ga sun fi sauran ramewa, sai tausayi ya kama shi. Ya riƙa ƙara musu takin zamani, bai gaya wa kowa ba.

Suka miƙe kuwa, kore shar, amma da laushi kamar hannun jariri. Da hayaƙin ya sake kwantawa, bakin allurarsu ya ƙone ya yi ja, fiye da na waɗanda bai ciyar ba.

Shugabar gandun, wadda a shekaru ya isa ya haife ta, ta tsuguna ta duba.

"Baba, waɗannan sun tafi. A zubar, a sake shuka."

"Ranki ya daɗe, a bar mini su zuwa saukar damina."

"Wani abu ka ba su?"

Ya ajiye butarsa. "Gata na yi musu."

Ta yi dariya kaɗan. "To, zuwa damina. In ba su farfaɗo ba, ni da kaina zan turo baro."

Ya kwashe su zuwa bayan ɗakin ajiya, inda hayaƙi ba ya kaiwa. Ya je gindin wasu tsofaffin fayin da ke gandun, ya tone ƙasar da ke ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, mai farin zare-zare da ƙamshin danshi, irin wadda saiwar fayin ke so. Ɗaya bayan ɗaya ya tsaga leda, ya sauya musu ƙasa. Kowace safiya sai ya wanke musu toka da ruwa, ya hana kansa taɓa buhun taki.

"Ni da na shekara ina tari ba a sauya mini ɗaki ba," in ji matarsa, tana miƙa masa abinci a gidansu da ke dab da gandun.

"Ke saiwarki ta kama, ba kya dasuwa."

"Ji min tsoho!"

Amma a makon nan ya toshe tagarta da ke kallon wurin gasa bulon, ya buɗe wata ta gefe.

Da ruwa ya sauka, kusan rabinsu sun bushe. Sauran suka fito da sabon toho, gajere, mai tauri. Shugabar ta murza ɗaya tsakanin yatsunta, ta ce a loda su a mota tare da na dashen bana.

Baba ya roƙi direba ya bi a hankali wajen ramuka.