Allon Bakin Tafkin Kawu

Ɗan ƙanwar innata ya je wani kwas a ƙetare, a wani tsibiri cikin teku, ya dawo Wurno da labari ɗaya tak, kuma sai da ya gundure mu da shi. Wai an kai su yawon ƙafa cikin daji har suka ɓulla bakin teku, inda ake tsaron manyan kunkuran ruwa. Ko gaisuwar mutuwa aka je, sai ya zaro waya ya nuna wa mutane kunkuru. Tun muna yara haka yake: in ya ci shinkafa a gidan wani, sai ya manta a fadamarmu ake nomanta.

Inna ce ta tuna masa cewa dangin uwarsa ma suna da nasu. A bayan ƙauyensu, can gefen Magarya, akwai tafkin da ba ya ƙafewa duka ko da rani, cike da kififiya. Gidanmu ba a cinta, ba a kama ta, ba a kuma zancenta a kasuwa. Kawu, yayan su Inna, shi ke zama a bakin ruwan. Akwai wata tsohuwar kififiya mai tsaguwa a gefen ƙoƙon bayanta, saran fartanya ne tun Kawu na saurayi. Tun da matarsa ta rasu, ya fi zama da ita a kan zaman majalisa.

Da ya ce sai ya je ya gani, Inna ta ce in raka shi. Na ce mu hau kabu-kabu, ya ce a'a, daɗin abin a taka da ƙafa. Ya fito da jaka a baya, malfa a ka, takalmi kamar na soja, da sandunan ƙarfe har biyu. Hanyar nan ita iyayenmu mata ke bi kullum da kaya a ka da goyo a baya, ba mai ɗaukarsu hoto. Shi kuwa in ya ɗan taɓa tafiya sai ya tsaya ya yi wa waya bayani da Turanci yana haki. Wata tsohuwa da dammin itace ta wuce mu, ta waiwayo.

"Sannu Malam," in ji ta. "Ƙahwa ad da ciwo?"

Na yi dariya har da hawaye. Shi ko a jikinsa.

Kawu ya yi murna ƙwarai da ya ji ɗan ƙanwarsa mai boko ya tako ƙasa don ya zo wurinsa. Ya kai mu bakin ruwa, ya watsa ragowar tuwo, ya bubbuga ƙwarya. Can sai ga tsohuwar ta ɗago dogon wuyanta.

"Ga ta nan," in ji Kawu. "Wagga ta san ni tun ban yi gemu ba."

Gogan naka ya durƙusa yana ɗaukar hoto, yana cewa dole a ceci waɗannan halittu. Ban san daga hannun wa zai cece su ba, don a lokacin babu mai nemansu.

Ba a jima ba ya dawo da allon ƙarfe. Bai kafa shi a bakin tafki ba, sai a mararraba, inda motocin kasuwa ke wucewa. An zana kififiya, an sa kibiya mai nuna hanya, an rubuta cewa an hana kamawa. Wanda bai taɓa sanin akwai kififiya a wurin ba, yanzu har hanya an nuna masa. Ya tsaya a jikin allon aka ɗauke shi hoto, ya koma Sakkwato inda yake zaune.

Da rani ya yi nisa, baƙin fuska suka fara zuwa da tsinin ƙarfe suna caccakar laka. Masu magani na sayen ƙoƙon. Kawu tsoho ne, idonsa ya yi rauni, ba zai iya gadin tafki ba.

Ranar wata kasuwar Goronyo na kai albasa, sai na ga ƙoƙon a tabarmar wani mai magani, tsakanin fatar bushiya da ƙahon gada. Tsaguwar na nan a gefe. Na daɗe tsaye, raina ya ɓaci har na kasa yin ciniki. Na kira ɗan ƙanwar Inna a waya na gaya masa. Ya ce matsalar mutanenmu rashin wayewa ce, zai sa a yi allon da ya fi wannan girma. Garin neman gira an rasa ido, kuma har yau gani yake shi ya yi aikin lada. Ban taɓa raina mutum kamar ranar ba.

Kawu bai iya karatun boko ba. A ganinsa allon karramawa ce, in ya bi ta mararraba har goge shi yake yi da hannun riga. Da na je gaishe shi bayan ruwan farko, na same shi a bakin tafki da ƙwaryarsa, tuwo na yawo a kan ruwa ba mai taɓawa.

"Ta shige laka, ba ta hito ba tukuna," ya ce. "In tah hito, ka ce ma ɗan'uwanka shi taho shi ƙara yi muna hoto."

Na ce to, Kawu. Ya ci gaba da bubbuga ƙwarya.