Kyautar da Aka Ba Baffa Habu

Ranar kasuwar Bunkure ce, a ranin shekarar da tumatir ya yi arha har ana shanya shi a bakin titi. Muna tasowa daga makarantar allo sai muka ga an ɗora Baffa Habu, ƙanin mahaifina, a kan jaki, an naɗa masa rawani da tsohon buhun taki, samari na biye da shi suna kaɗa galan. Shi kuwa yana ta murmushi yana ɗaga wa mutane hannu, don ya gaskata abin da aka gaya masa.

Asalin maganar daga 'yan fim ne. Watannin baya sun zo daga Kano ɗaukar wani fim na soyayya mai ban dariya a bakin babbar kwatar ruwa, suka ga Baffa dogo ne siriri mai wushirya, suka ce shi zai fito a manomin da ke son yarinya, ita kuwa hankalinta na wajen ɗan birni. Bai iya boko ba, don haka ni na rubuta masa maganganunsa da ajami a bayan kwalin sukari, yana haddacewa yana cirar ciyawa. Ranar ɗauka ta faɗo daidai ranar da ake sakar wa ɓangarenmu ruwa. Mahaifina ya ce, "Habu, albasa ba ta jiran kowa." Bai ji ba. Ya wuni ana tunkuɗa shi cikin kwata ana sakewa, ruwan ya wuce gonarsa, albasar ta ƙone. Da za su tafi, shugabansu ya dafa shi ya ce idan an zo rabon kyautar jarumai, ba za a manta da shi ba.

Fim ɗin ya fito, muka kalla a gidan kallo na Kura da janareto. Gaskiya labarin bai da ƙarfi, waƙoƙin sun yi yawa, jarumin kuma gyaran hula kawai ya iya. Amma akwai wurin da Baffa ya tsaya a kan kunyar gona, motar amarya na wucewa, leɓensa na rawa kamar mai shirin kuka. Nan ɗakin ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Albasarsa yake tunawa!"

Su Ɗanjuma mai faci ne suka ƙulla sauran. Suka ce masa an faɗa a rediyo ya ci kyauta, za a miƙa masa a kasuwa. A gaban rumfar mahauta suka sauke shi, suka ɗora masa kwando a ka. Ruɓaɓɓen tumatir ne, ruwan ya zubo masa har wuya. Ɗanjuma ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, jarumin kwata, a yi mana kukan nan ko sau ɗaya!" Cikin masu kallo har da mahaifin Ladi, yarinyar da aka sa musu ranar aure da Baffa bayan girbin alkama. Kafin sati ya zagayo aka dawo da kayan sa rana, da saƙon cewa ba sa ba ɗan wasa 'ya.

Baffa bai yi faɗa da kowa ba. Washegari ya yi sallar asuba a sahun gaba, ya hau motar tumatir mai zuwa Legas. Gonar ta dawo hannun mahaifina, Baffa kuma sai in an yi rasuwa muke ganinsa.

Yanzu yara a waya suke kallon fim, kuma duk wanda ya fito sai an nemi hoto da shi. Kwanaki ɗana ya samo mini tsohon fim ɗin, hoton duk ya dushe. Na kai wurin motar amaryar nan na tsayar, na daɗe ina duban fuskarsa. A duk fim ɗin shi kaɗai ne ya iya, Allah ya sani, kuma a garinmu babu wanda ya gaya masa.