Mato Maginin Rumbu da Fim ɗin Komanda

A Tamaske, in aka ce Mato, kafin a tuna da rumbunan da ya gina sai a tuna da bencin rumfar Rilwanu mai nuna fim. Ranar kasuwa ce da azahar, ana kallon wani tsohon fim na Turawa a tele. Mato yana zaune a wannan bakin benci, Mushe Mahamud, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, yana wancan bakin da ƙwaryar fura a cinya. Mato ya miƙe zumbur, benci ya ɗaga ƙafa, Mushe ya kai ƙasa, fura ta bi shi har cikin kunne.

Fim ɗin irin mai tsayar da numfashi ne. Wani komanda Bature ne maƙiya suka biyo, ya ɓuya a ƙauyen manoma. Da suka kewaye shi, sai ya cinna wa rumbunan garin wuta, ya sulale cikin hayaƙi. Kiɗa ya tashi, rumfa ta ɗauki tafi.

"Hatsin wa ne wanga?" in ji Mato. "Ku da ke taɓi, hatsin wa anka ƙone?"

Sai ka san Mato kafin ka fahimci wannan ihun. Shekara arba'in yana kwaɓa laka da ciyawa. Rumbu ba ya son gaggawa: ka ɗora zobe ɗaya, ka bar shi ya sha rana, gobe ka ƙara. Yana saurayi aka yi shekarar yunwa, shi aka zura cikin rumbun ubansa ya sharo ƙasan da tafin hannu, bai cika ƙwarya ba. Har yau ba ya dariya kusa da rumbu. A wani wurin ma ba ya yawaita ta.

Rilwanu ya kafa doka: Baba Mato ba zai sake shiga ba sai ya yi alkawarin yin shiru. Wannan ba ƙaramin hukunci ba ne, domin tun da gwiwoyinsa suka hana shi hawa gini, rumfar nan ce majalisarsa.

Mushe ya wanke kunne, ya je wurin Mato yin sulhu, ɗauke da fim ɗin a cikin salula. Ya ce masana sun yaba shi, a lura da gwanintar, yadda zuciya ke bugawa.

"Bugawa don wa, Mushe?"

Suka maimaita wurin ƙona rumbunan sau uku, kowane kallo yana ƙara wa Mato wuta. Komanda yana da suna, matarsa tana da suna, dokinsa ma yana da suna. Mutanen gari kuwa gudu kawai suke yi da hannuwa a ka, suna wani yare da ba Hausa ba, ba Tamajak ba, ba na kowa ba. Wata tsohuwa ta durƙusa gaban rumbunta, ba a ko nuna fuskarta ba, aka koma kan gumin komanda. Da jerin sunaye ya zo a ƙarshe, Mato ya sa Mushe ya karanto masa duka. Babu tsohuwar.

"Kakanninmu sun noma wasu sun kwashe," in ji shi. "Yanzu an ƙone ma, an sa ma kiɗa, kuma jikokinsu na taɓi. Wanda ya yi abin ga ya san wa yake so mu ji tausai, kuma mun ji."

Mushe dai ya ce rumbunan fim na kwali ne. Mato ya ce ya fi shi sani, ai ko gindin duwatsu ba su da shi, kuma wannan wani cin mutuncin ne daban.

Wata uku ke nan bai yi alkawarin ba. Ranar kasuwa yakan zauna a dakalin da ke fuskantar rumfar, yana jin kiɗa yana tsaki. Makon jiya Rilwanu ya leƙo ya tsokane shi.

"Baba Mato, shigo mana, ka yi shiru kawai. Komanda dai ya tsira, ba ka yi mashi barka?"

"Ina yi mashi," in ji Mato. "Ku maida shi ƙauyen da ya ƙone wa rumbuna da damina, shi yi wata uku yana cin abin da ya bar masu. Ran nan ka kira ni, ɗana. Wallahi ko tari ba ni yi."